Haihuwar bakwaini: Haɗarin da ke bin mata baƙi a Ƙaraye da Rogo

A yayin da rashin tsaro da neman abinci ke raba dubban iyalai da garuruwansu a arewa maso yammacin Najeriya, akwai wani ɓangare na matsalar da ba kasafai ake tattaunawa a kansa ba, wato makomar cikin da mace ta taso da shi daga gida zuwa baƙon wuri.

Bahaushe na kiran jaririn da ya zo duniya kafin lokacinsa bakwaini, saboda an fi danganta irin wannan haihuwa da wata na bakwai. A wurin likitoci kuwa, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, ko da a wata na takwas ne ko farkon na tara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa an haifi jarirai miliyan 13 da dubu 400 kafin lokacinsu a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma. Yara kimanin dubu 900 ne suka rasu a 2019 sakamakon matsalolin da ke biyo bayan irin wannan haihuwa, abin da ya sa ta zama kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

A rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2023, Najeriya ce ta uku a duniya wajen yawan bakwaini, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da dubu 770 a shekara guda.

Wannan nauyi bai hau kan mata daidai wa daida ba. Daga cikin waɗanda suka fi ɗaukarsa akwai macen da ciki ya tsufa tana nesa da gida.

Baƙi iri uku

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna yammacin jihar Kano ne, inda jihar ta haɗu da Katsina, ta kuma haɗu da Kaduna ta ɓangaren Rogo. A ƙidayar 2006, Ƙaraye na da mutane sama da dubu 140, Rogo kuma sama da dubu 220. Yanki ne na noma da kiwo, kuma a Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992.

Wuri mai ruwa da ƙasar noma, a bakin iyakar jihohi uku, ba ya rabuwa da baƙi. Ana iya kasa su gida uku.

Na farko su ne 'yan ci-rani da masu ƙwadago, waɗanda ke bin aikin gona da su da masunta masu bin ruwa. Wasu kan zo su kaɗai, wasu kuma da iyalansu.

Na biyu su ne Fulani makiyaya, waɗanda ke sauka a mashekari na 'yan watanni, su tashi idan ciyawa ta ƙare ko damina ta kankama.

Na uku, waɗanda suka ƙaru a shekarun baya-bayan nan, su ne mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka kora. Ƙananan hukumomin Katsina irin su Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun shafe shekaru cikin wannan bala'i, haka ma jihar Zamfara. A watan Agustan 2025 an kashe masallata da dama a Unguwar Mantau da ke Malumfashi, wadda ba ta da nisa da iyakar Kano. A ƙarshen wannan shekarar kuma hare-haren sun taɓa Shanono da Tsanyawa a cikin jihar Kano kanta.

Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga mutane sama da miliyan ɗaya da suka rasa matsuguni a arewa maso yamma da arewa ta tsakiyar Najeriya a 2023. Akasarinsu ba a sansani suke ba. Sun raɓe ne a gidajen 'yan uwa, ko kangaye, ko ɗakunan haya a garuruwan da suka ga alamar kwanciyar hankali.

Wannan shi ya sa ba a cika ganinsu ba. Macen da ke sansani tana cikin lissafin hukumomin agaji. Wadda ta sauka a ɗakin ƙanwar mijinta a wani ƙauye da ke Zarewa ko Fulatan ko Turawa, a idon hukuma ba 'yar gudun hijira ba ce. Baƙuwa ce kawai.

Darasi daga ƙasashen waje

An fi yin bincike a kan haihuwar mata baƙi a Turai da Amurka ta Arewa, kuma abin da aka gano ya saɓa wa zaton mutane da dama.

A 1997, wani nazari da likitoci biyu, Richard David da James Collins, suka yi a jihar Illinois ta Amurka ya nuna cewa jariran matan da aka haifa a Afirka suka ƙaura can sun fi kusa da jariran fararen fata a nauyi, fiye da jariran baƙaƙen fatar da aka haifa a Amurka. Wani nazarin na 2008, wanda ya haɗa bayanan matan Somaliya a ƙasashe shida da suka karɓe su, ya gano cewa ba su kai 'yan ƙasa yawan haihuwar bakwaini ba, ko da yake sun fi su yawan haihuwar jariri babu rai.

Ke nan baƙunta ita kaɗai ba cuta ba ce. Sau da yawa ma, mai ƙarfi da lafiya ne ke iya yin doguwar tafiya.

Inda labarin ke sauyawa shi ne idan tsoro ya shigo ciki.

A Sweden, masu bincike sun gano cewa matan da suka tsere wa yaƙi sun fi fuskantar haihuwa kafin lokaci a shekararsu ta farko da isa ƙasar. A jihar Kalifoniya, matan da ke da sunayen Larabawa sun fi haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi a watanni shida da suka biyo bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da ƙyamar Larabawa da Musulmi ta ƙaru.

A watan Mayun 2008 kuma, jami'an shige da fice suka kai samame wata masana'antar nama a garin Postville na jihar Iowa, suka kama ma'aikata kusan 400. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa haɗarin haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi ya ƙaru da kashi 24 cikin ɗari tsakanin mata 'yan asalin Latin Amurka a jihar, har da waɗanda suke 'yan ƙasa, waɗanda babu mai ikon korarsu.

Idan fargabar samame a wata masana'anta za ta iya isa ga jaririn da ke ciki, to ina ga macen da ta kwana a daji, ko aka sace mijinta, ko ta yi tafiyar ƙafa da goyo a baya da ciki a gaba?

Abin da ke tayar da naƙuda

Likitoci sun ce a lokuta da dama naƙuda kan taso da kanta ba tare da an ga dalili ba. Amma akwai abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin, kuma kusan kowannensu ya fi samun baƙuwa.

Na farko shi ne zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ce ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Ƙwayar cutar kan taru a mabiyiya, ta rage abincin da ke isa ga jariri, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari. A bakin madatsar ruwa da wuraren noman rani, sauro ba ya ƙarewa da ƙarewar damina. Wadda ta gudo da tsakar dare kuwa, gidan sauro ba ya cikin abin da za ta tuna ta ɗauka.

Na biyu shi ne ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Najeriya na da ƙarancin jini. Iyalin da suka bar rumbunsu da dabbobinsu suna cin abin da aka sammusu ne, kuma a gida irin wannan uwa ce ke ci daga ƙarshe.

Na uku shi ne hawan jini na masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Ba ya ba da alama da wuri, sai an gwada. Idan ya yi tsanani, likita kan yanke shawarar ciro jaririn kafin lokaci domin a ceci uwar.

Akwai kuma ciwon sanyi da cututtukan mafitsara, waɗanda kan sa faya ta fashe da wuri, da ƙarancin shekarun uwa, da kunika, da cikin tagwaye.

Sai zafin rana da aikin ƙarfi. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa haɗarin haihuwar bakwaini na ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin ɗari a duk ƙarin digiri ɗaya na zafi. A ƙasar Kano, zafi kan haura digiri 40 a bazara. A ƙauyuka da yawa matar aure 'yar gari ba ta fita gona. Amma baƙuwar da ba ta da tudun dafawa ita ce ke tsinkar tumatir da barkono, ita ce ke sussuka da casa a gidan wasu, kamar yadda Bafulatana ke ɗaukar ƙwaryar nono ta yi tafiya mai nisa zuwa kasuwa.

Katin awo

Maganin akasarin waɗannan matsaloli yana wurin awon ciki ne. Tun 2016 WHO ta ba da shawarar mace ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, a kuma yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. A wurin awo ake ba da Fansida don rigakafin zazzaɓi, daga wata na huɗu, aƙalla sau uku da tazarar wata guda. A nan ake ba da maganin ƙarin jini, a gwada hawan jini da fitsari.

Awo abu ne da ke buƙatar zama wuri guda. Macen da ta fara awo a Faskari, ta ƙare a Rogo, ta rasa katinta a hanya, za ta fara ne daga farko, idan ma ta je. Sau da yawa ba ta san ranar awo a sabon garin ba, ba ta da kuɗin babur, kuma mijin da zai ba ta izini ya tafi neman abin da za a ci.

Rashin katin yana da wata illar da ba kowa ya sani ba.

Akwai allurar da ake yi wa uwa idan an ga alamar za ta haihu tsakanin mako na 24 da na 34, domin huhun jariri ya yi ƙwari kafin ya fito. Gwajin da WHO ta jagoranta a asibitocin ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya tabbatar da cewa tana rage mutuwar jarirai. Sai dai daga cikin sharuɗɗan yin ta akwai sanin makonnin cikin daidai.

Macen da ta iso asibiti da naƙuda, babu kati, babu hoto, tana lissafi da watan azumi ko na babbar salla, ta bar ma'aikacin lafiya cikin duhu. Magani mai araha yana nan, amma babu tabbacin ko ya dace da ita.

Goyon cikin da ya yanke

Ba asibiti kaɗai baƙuwa ta rasa ba.

A al'adar Hausawa, mai cikin fari kan koma gidan iyayenta idan ciki ya kai wata bakwai, abin da ake kira goyon ciki. A can za ta haihu, ta yi wankan jego, ta kwana arba'in. Duk da kurakuran da ke cikin wasu al'adun jego, wannan tsari yana nufin akwai uwa ko gwaggo da ke sa ido dare da rana. Ita ce za ta lura ƙafa ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko ruwa na zuba.

Yarinyar da garin iyayenta ya watse ba ta da inda za ta je goyon ciki. A baƙon gida kuwa, kunya da kara ba za su bar ta ta faɗa wa surukarta ko matar mai masauki cewa mararta na murɗawa ba. Za ta daure har sai abin ya fi ƙarfinta.

Ko ga 'yan gari ma, haihuwa a gida ita ce ta fi yawa. A binciken 2018, kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Najeriya ne aka yi a asibiti. A arewa maso yamma adadin bai kai kashi 20 ba. Akasarin jariran da aka haifa a gida ba a auna nauyinsu, ba a kuma rubuta makonnin cikinsu.

Bakwainin da ya koma a kwana na biyu, kafin suna, ba ya shiga kowane littafi. A yi masa sutura, a yi wa uwar addu'ar Allah ya ba da mai amfani, shi ke nan. Idan ɗan baƙuwa ne, wataƙila ko mai unguwa ba zai ji ba.

Kwalba ko ƙirjin uwa

A cewar WHO, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran da aka haifa kafin mako na 28 a ƙasashe matalauta suna mutuwa cikin kwanakin farko, yayin da a ƙasashe masu arziki adadin bai kai kashi 10 ba.

Irin waɗannan jarirai suna buƙatar sashen kula da jarirai na musamman, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a birnin Kano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya fi kusa da mutanen Rogo. Tafiya ce mai nisa ga jaririn da sanyi kaɗan ke iya hallakawa, kuma kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfin wanda ya bar dukiyarsa a baya.

Amma galibin bakwaini ba su kai wannan ƙanƙanta ba. An haife su ne tsakanin mako na 32 da na 37, kuma abin da suka fi buƙata shi ne ɗumi da nonon uwa da kariya daga cututtuka. WHO ta ce ana iya hana kashi uku cikin huɗu na mace-macen da hanyoyin da ba su da tsada.

Babbar hanyar ita ce goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara shi a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben saka jarirai suka yi ƙaranci a asibitinsa. Ana kwantar da jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata na taɓa fata, a sa masa hula, a ɗaure da zane, tsawon sa'o'i da yawa a kullum.

Gwajin da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, ya nuna a 2021 cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. A watan Nuwamban 2022, WHO ta sauya ƙa'idojinta ta ba da shawarar a fara shi tun daga haihuwa.

Ga Bahaushiya da Bafulatana, goyo ba baƙon abu ba ne. Abin da ake nema shi ne a maido shi gaba, a kuma jinkirta wankan jariri. Sai dai goyon ƙirji na buƙatar mai kama wa uwa aikin gida, mai karɓarta idan ta gaji. A nan ma, wadda ba ta da dangi a kusa ita ce a baya.

Akwai kuma zancen da ake yi cewa ɗan wata bakwai na rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Likitoci sun ce ba haka ba ne. Duk makon da jariri ya ƙara a ciki, ƙarin ƙarfi ne gare shi.

Wa zai ƙirga baƙuwa?

A kan takarda, tsare-tsare suna nan. Jihar Kano ta soma shirin kula da masu juna biyu kyauta tun 2001. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin samar da cibiya guda mai aiki a kowace mazaɓa. A watan Nuwamban 2024, ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin rage mutuwar mata wajen haihuwa, tare da alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka a 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin kula da waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu.

Matsalar ita ce, an gina tsare-tsaren lafiyar ne a kan mutumin da ke zaune a mazaɓarsa, mai rajista a cibiya guda, cikin jiha guda. Ciki kuwa bai san iyakar Kano da Katsina ba.

Yankin ya taɓa warware irin wannan matsala. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, wanda ya kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020, ba a jira yara sun zo asibiti ba. An bi su ruga-ruga, an tsaya a kasuwanni da tashoshin mota, an sa hakimai da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo a gaba.

Wannan tsari bai rushe ba. Masarautar Ƙaraye, wadda aka sake kafawa a 2024 a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo ne daidai. A al'ada, baƙo ba ya sauka a unguwa ba tare da sanin mai unguwa ba. Idan ana tambayar baƙo daga ina yake don dalilin tsaro, ba zai yi wuya a ƙara tambaya ɗaya ba: shin akwai mai juna biyu a cikin iyalinka?

Daga nan sauran aikin na ma'aikatan lafiya ne: a kai awo ranar kasuwa da bakin ruga, a karɓi katin kowace jiha, a ba da gidan sauro ba tare da tambayar asali ba, a koya wa ungozomomi goyon ƙirji da alamomin da ke nuna a garzaya asibiti, a kuma ƙara layi guda a littafin awo da zai nuna ko mace sabuwar zuwa ce.

Masu iya magana kan ce baƙonka Annabinka. Mutanen Ƙaraye da Rogo, kamar sauran talakawan arewa, sun buɗe ƙofofinsu sun raba ɗan abin da suke da shi. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin lafiya na jihohin uku za su bi baƙuwar har cikin ɗakin da aka sauke ta, tun kafin cikinta ya shiga wata na bakwai.